Yadda ake tashi daga tuƙin lansh (jirgin ruwa mai inji) a Nilu a koma tuƙi a gaɓar Bahar Maliya

Salam 'yan uwa. Tun da yaƙin nan na Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023 mutanenmu da yawa na bakin Nilu suka gangaro Bur Sudan, wasu daga Mai Wurno da Sinnar, wasu daga Kosti da Jabal Auliya, kuma cikinsu akwai waɗanda tun suna yara hannunsu na kan makana, wato injin jirgi. Kusan duk wanda muka zauna shan jabana, wato gahawa, da shi sai ya ce min shi fa ruwa ruwa ne, in ya samu jirgi gobe zai fita. Maganar nan tana tayar min da hankali wallahi, don nima a Bahar Azrak, reshen Nilu, na koyi tuƙi kuma na san abin da na tarar da na zo nan. A gida mun saba kiran Nilu da bahar, tekun nan kuma mutanen Sudan na ce masa almalih wato mai gishiri, daga nan ma sunan Bahar Maliya ya shigo bakin Bahaushe. Sunan ne kawai ya haɗa su. Kogi yana da gaɓa biyu, duk inda inji ya mutu ko dai ka kama filafili ko ruwa ya kai ka gefe ka kama reshe. Nan gaɓa ɗaya ce, ita ɗin ma duwatsun murjani sun tsare ta, ɗaya gaɓar kuma sai Saudiyya.

Mataki na farko, kuma shi ne wanda mutane ba sa son ji: ka ajiye matsayinka na rayyis, wato shugaban jirgi, a gida ka koma yaron jirgi. Nemi masunci ɗan gari, Bija ne ko Bani Amir ko ɗan uwanmu da ya daɗe a nan, ka bi shi fita ko da goma ce, kana kwasar ruwa kana jan igiya kana kallon inda yake kallo. Tambaye shi sunan kowane sha'ab, haka suke kiran duwatsun murjanin nan, da sunan kowace marsa, wato 'yar kafar da ruwa ya shiga cikin ƙasa ake fakewa a ciki. Ko kifi ma sai ka sake karatu, bayad ɗin da ka sani a Nilu mai gashin baki ne kamar ɗan uwan tarwaɗa, bayad na nan wani kifi ne daban mai azurfa a jiki da gudun tsiya, ga najil ga sha'ur waɗanda kogi bai san su ba. A wannan fitar ne kuma zaka gane ko kai mai jiri ne. Mutum sai ya shekara ashirin a Nilu bai taɓa amai ba ya zo nan awa ɗaya ta kwantar da shi, ba abin kunya bane, ka ci abu mara maiƙo kafin fita, ka zauna tsakiyar jirgi, idonka a kan inda sama ta haɗu da ruwa, kar ka sunkuya kan waya.

Na biyu jirgin kansa. Markab ɗinmu, wato jirginmu na kogi, na ƙarfe ko na katako, ƙasansa shimfiɗe ne kuma bakinsa kusa da ruwa, an yi shi ne don ɗaukar kaya a kan yashi da ruwa mara zurfi. A teku taguwa zata riƙa marinsa daga ƙasa kamar za ta raba shi biyu, kuma kafin ka ankara ta hau ta baya ta cika shi. Abin da ake so shi ne jirgin faiba mai tsinin ƙirji, goshi a ɗage, gefe mai tsayi, mita bakwai zuwa tara irin wanda masuntan nan ke amfani da shi. In zaka saya, ka fito da shi tudu ka kwankwasa jikin ko'ina, inda ya yi ƙarar ruɓaɓɓen kankana ruwa ya shiga. Ka fi mayar da hankali kan katakon baya inda ake ɗaura inji, ka kama injin ka girgiza shi da ƙarfi, in allon yana lanƙwasa ko ka ga tsaga a kusurwa to ka bar shi komin arha. Sannan a tabbatar akwai soso ko rufaffen ɗaki na iska a ƙarƙashin dabe yadda ko ya cika da ruwa ba zai nutse gaba ɗaya ba.

Na uku inji, nan zan ɗan daɗe. Gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna, wajen giram 40 a kowace lita, alhali na manyan tekuna wajen 35 ne, dalili kuwa zafi yana ƙafar da ruwan kuma babu wani babban kogi da ke zuba a ciki. Wannan gishirin cin ƙarfe yake kamar gara. Injin da ya yi maka shekara goma a Kosti ba matsala, in ka kawo shi nan ka yi masa irin riƙon can, wata shida kusoshinsa sun kafe. Don haka duk ranar da ka dawo, kafin ka tafi gida, ka tsoma ƙafar injin cikin durom na ruwan daɗi ka tayar da shi a furi na minti biyar zuwa goma, ka ga ruwa na tsartuwa ta 'yar kafar nan ta baya. Na san ruwa tsada yake a Bur Sudan, ana saye ne a jarka, amma durom ɗaya ya fi kuɗin kan silinda sauƙi. Ka duba ɗan guntun ƙarfen da ke manne a ƙafar inji sama da farfela, aikinsa shi ne gishiri ya cinye shi a madadin injin, na ruwan gishiri zinki ne ko alminiyam, in ya cinye rabi a canza, kuma kar a kuskura a shafa masa fenti, na ga masu yin haka don kwalliya sun kashe amfaninsa. Robar famfon ruwa a canza ta kafin fitar farko musamman in injin daga Bahar Azrak ya fito, don lakar damira, wato lokacin cikar kogi, tana cinye fukafukanta. Giris a duk inda ke motsi, kan baturi da wayoyi a shafe su.

Kayan gyara da ba a fita babu su: fulogi sababbi, farfela ta biyu da fil ɗinta da goro, igiyar tayar da inji, tacin mai, sifana da filaya da sukudireba a cikin roba mai murfi. In da hali a ɗaura ƙaramin inji na biyu ko mai doki 15 ne, in babu hali to kar ka fita kai kaɗai, ku fita jirgi biyu. Igiyar nan ja mai kashe inji kuma ka ɗaura ta a hannu ko a ƙafa, a kogi muna naɗe ta a jikin hannun inji muna mantawa, a nan taguwa ɗaya ta jefa ka ruwa jirgin zai tafi ya bar ka ko ya zagayo kanka da farfela.

Na huɗu lissafin mai. A teku ba kilomita ake ƙirga ba, mil ɗin ruwa ne, mita 1852, gudu kuma in aka ce ugda ɗaya to mil ɗaya ne a awa. Ƙa'idar da ake bi ita ce kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Misali Bur Sudan zuwa Sawakin ta ruwa wajen mil 30 ne. A ce jirginka da kaya yana yin ugda 10, awa uku kenan. Yamaha Enduro mai doki 40 in ka buɗe masa wuta duka yana shan kusan lita 20 a awa, to lita 60 zuwa, 60 dawowa, 60 ajiya, jarka tara kenan ta lita 20. Za ka ce ai ba wuta duka zan buɗe ba, gaskiya ne, amma ka yi lissafi da mafi muni saboda dawowa daga Sawakin iska kake fuskanta kuma tafiyar awa uku tana iya zama biyar. Haɗin baƙin mai yadda kamfanin ya ce, a irin wannan injin kashi ɗaya cikin 50 ne, kuma ka tace fetur ɗin da tsumma mai kyau don man jarka ba ya rasa ruwa da ƙura.

Na biyar takardu, a gajarce. Kafin yaƙi ma ba a fita haka kawai, balle yanzu da Bur Sudan ta cika da jami'an tsaro kuma jirage marasa matuƙa suka kai mata hari a watan Mayun 2025. Jirgi ya zama da rajista, kai da masu binka kowa da shaidarsa, a karɓi tasrihi, wato takardar izinin fita, a wurin jami'an da ke mashigar da kake tashi, a faɗa musu inda za a je da ranar dawowa. Ka nisanci sansanin sojan ruwa na Falamingo da ke arewacin gari da tashar mai ta Basha'ir da ke kudu, kar ka ɗaga waya kana hoto a wuraren nan. Duk wanda ya zo maka da maganar ɗaukar mutane ko kaya a tsallaka Jidda a ɓoye, komin kuɗin, ka ce a'a. Kakanninmu sun tsallaka daga Sawakin a sambuk, jirgin katako na gargajiya, don aikin hajji, amma wannan tafiya ce ta sama da mil 150 a buɗaɗɗen ruwa, ba ta faiba mai inji ɗaya bace, kuma rayukan bayin Allah ne.

Yanzu ga asalin karatun, iska da sha'ab.

A kogi abin da ke mulki shi ne gudun ruwa, shi yasa muke fara haurawa sama, in inji ya mutu ruwa ya dawo da mu gida. A nan ka ɗauki wannan dabarar ka ɗora ta kan iska. Yawancin shekara iskar gaɓar nan daga arewa take zuwa, da asuba tana kwance, hantsi ya yi ta fara tashi, daga azahar zuwa la'asar ta kai ƙarfinta teku ya yi fari. To fitar koyo ka tashi bayan sallar asuba da gari ya waye, ka nufi arewa tun ruwa na kwance, in ta taso sai ta raka ka gida ta baya. Wanda ya fara gangarawa kudu yana jin daɗi, dawowarsa ce zai sha duka. Da rani kuma, wajen Yuli da Agusta, akwai guguwar ƙura mai fitowa ta wajen Tokar, tana rufe ido har ba ka ganin goshin jirginka, ga zafi sama da digiri 40, wannan ba lokacin sabon shiga bane. Ka duba hasashen iska a waya, manhajar Windy na taimakawa, amma in ka ga tsofaffin masunta sun zauna suna gyaran taru ba su fita ba, kai ma ka zauna. Wani sauƙi ɗaya da Allah ya yi mana, cika da janyewar teku a wajen Bur Sudan kaɗan ce ƙwarai ba kamar wasu ƙasashe ba, sai dai ruwan ya fi cika da sanyi ya ragu da rani, dutsen da ka wuce ta kansa a Janairu yana iya kama farfelarka a Agusta.

Taguwa ba a fuskantarta kai tsaye da gudu, kuma ba a ba ta gefe. Ka karɓe ta a kafaɗar jirgi, ɗan karkace, ka ƙara wuta kana hawa ka sassauta a ƙoli don kar jirgin ya faɗo da ciki. Hannunka ba ya barin totur. In kuma ta baya take zuwa, nan ne mutane ke sakin jiki alhali nan ne haɗarin, in ka fi ta gudu ka gangaro ta gabanta goshin jirgi zai soke cikin ta gaba, baya ya juyo, jirgi ya kife a gefe. Ka hau bayan guda ɗaya ka daidaita gudunka da nata. Kaya masu nauyi a tsakiya kuma a ƙasa, a ɗaure jarkoki, kowa ya zauna.

Sha'ab kuma da ido ake karanta shi. A Nilu ruwa ja ne ko baƙi, muna gane tudun yashi ta yadda fuskar ruwa ke yamutsewa. Nan ruwan garau yake, launi ne ke magana: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske yashi ne mara zurfi, ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya murjani ne dab da sama, kar ka je. Amma wannan karatun ba ya yiwuwa sai rana ta ɗaga kuma tana bayanka, kamar daga ƙarfe goma zuwa biyu. Ka lura da wannan sosai: gaɓar Sudan tana yamma, duk marsar da zaka shiga yamma kake fuskanta, in ka bari la'asar ta yi rana na cikin idonka, ruwan ya zama madubi, ba ka ganin komai sai ka ji ƙara. Ni kaina a shekarata ta farko na makara a wata marsa a arewa, na shiga wajen ƙarfe biyar, Allah ya taimake mu a hankali muke tafiya, farfela kawai muka rasa da fil, muka kwana a nan muna gyara da tocila. Tun ranar ƙarfe uku ba ta same ni a waje. Fita da sassafe ma haka ne, gabas kake kallo rana na idonka, shi yasa lokacin shiga ka kunna GPS ya zana maka layin da ka bi, da safe ka bi layin nan sawu a kan sawu. Mutum ɗaya ya tsaya a goshi da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa yana nuna maka hanya da hannu, ku yi yarjejeniya tun farko cewa inda yake nunawa nan za a bi, ba dutsen yake nunawa ba.

Taswirar waya kamar Navionics tana da amfani, ka sauke ta tun kana gari don netwok na ɗaukewa in ka yi nisa, sai dai awon wasu wuraren tsoho ne, za ta nuna kana tsakiyar hanya alhali kana bakin dutse. In ido da waya suka saɓa, ido ake bi. Ka riƙe kamfas na hannu ka saba da shi, ko ƙura ta rufe ka san yamma ce gida, alƙibla kuma daga nan arewa maso gabas take, ba gabas sak ba.

Anka. A kogi turke muke kafawa ko mu ɗaure a bishiya. Nan ka nemi filin yashi, koren nan mai haske, ka juya goshi ga iska, ka sauke anka a hankali kar ka jefa, ka saki igiya ninki biyar zuwa bakwai na zurfin wurin, in zurfin mita huɗu ne igiya mita 20 zuwa 28, da sarƙa 'yar mita kaɗan a kusa da ankar don murjani na yanka igiya kamar reza. Ka ɗan ja da baya ka ji ta kama, sannan ka sa alama biyu a tudu ka riƙa dubawa. Har abada ba a ɗaure anka a bayan jirgi, ta nan ruwa ke shiga. Masunta na da wata anka ta rodi mai yatsu wadda in ta maƙale aka ja da inji sai yatsun su miƙe ta fito, ka samu irinta ta biyu, amma don Allah a daina jefa ƙarfe kan murjani mai rai, gidan kifin da muke ci ne, abin da anka ta karya a minti ɗaya shekaru yake ɗauka kafin ya tsiro. Sha'ab ɗin Sanganeb da gaɓar Dungunab ma tun 2016 UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya, akwai dokar kariya a kansu. Sannan ka sani bayan sha'ab ta waje zurfin yana faɗawa ɗaruruwan mita lokaci ɗaya, in inji ya mutu a can ankarka ba za ta taɓa ƙasa ba. Abin yi shi ne ka ɗaura bokiti mai ƙarfi ko biyu a doguwar igiya ka sake ta goshi, zai riƙe jirgin yana fuskantar taguwa ya rage jan iska har ka gyara ko a zo.

Dokar hanya ba ta da yawa amma a haddace ta. In kun yi gaba da gaba da wani jirgi kowa ya karkata damansa. In hanyarku ta gicciye, wanda ya ga ɗan uwansa ta hannun dama shi zai kauce ya bi ta bayansa. Shiga tasha, jar alama a hagunka kore a damanka, fita kuma akasin haka. Manyan jiragen kwantena da na Sawakin masu zuwa Jidda kuwa ba ruwanka da wa ke da gaskiya, ba sa iya tsayawa kuma sau da yawa ba sa ma ganinka, ka bar musu hanya tun daga nesa. Fitila ja a hagu, kore a dama, fara a baya, ko ba ka da niyyar kai dare.

Rigar ceto kowa da tasa kuma a jiki, ba a ƙarƙashin kaya ba, na san mutanenmu da cewa ai na iya iyo, iyon tsallake Nilu daban da awa shida cikin taguwa. Ruwan sha aƙalla lita biyar ga kowane mutum a rana da ƙarin na kwana biyu, don wanda kake kai ba ya shayuwa, wannan abu ne da ɗan kogi ke mantawa tunda ya saba ya miƙa hannu ya ɗiba. Dabino, busasshen burodi, rumfa ko ta buhu ce, madubi da tocila da usur, bokitin kwasar ruwa a ɗaure da igiya. Rediyon oba-oba na ruwa in an ba ka izininsa, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya, na hannu mil kaɗan yake kaiwa amma ya fi waya mara netwok. Takalmi mai tauri in zaka taka ruwa, akwai kifin da ke kwance kamar dutse mai dafi a ƙaya, in ya soki mutum a tsoma wurin a ruwan zafi iya yadda fata za ta jure a nufi asibiti. Kuma kafin ka yi addu'ar shiga jirgi ka bar wa wani a gida bayani: ina za ka, ku nawa ne, ƙarfe nawa in bai ji ka ba ya tayar da mutane.

Sai a bi abin daki-daki. Satin farko da jirginka kar ka wuce inda kake hango gari, ka fita awa biyu ka dawo, ka gwada sauke anka sau biyar, ka kashe inji da gangan ka ga ina iska ke kai ka da saurin da take yi. Bayan nan sha'ab ɗin Winget da ke gaban tasha, inda jirgin Italiya Umbriya ke kwance tun 1940 da ma'aikatansa suka nutsar da shi da kansu, ka je da wanda ya san wurin kuma kar ka taɓa komai, har yau akwai bama-bamai a cikinsa. Sannan marsa ta kusa a arewa kamar Arus, ka kwana ɗaya ka dawo. In wannan ya zauna maka sai Sawakin ta hanyar ciki tsakanin gaɓa da sha'ab, ka shiga da rana tsaka ka ga rusassun gidajen murjani na tsibirin. Sanganeb mai hasumiyar fitila, wajen kilomita 25 daga gaɓa, ita ce ta ƙarshe a wannan zangon don buɗaɗɗen ruwa zaka tsallaka, a zaɓi ranar da iska ta kwanta, jirgi biyu, da tasrihi a aljihu, kuma a juyo kafin azahar.